Suri na rarrafe a kan ekaran? Tsaya tukuna kahin ka sayi sabo

Shekaranjiya da hantsi wata ɗaliba ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta shigo shagona da kwamfutarta cikin jaka, ko zama ba ta yi ba ta ce yaya don Allah a yi mini format, injin nan ya mutu kuma jibi zan kai memwar ɗina, wato kundin gama karatu. Na ce to ƙanwata zauna mu gani, mi ya same shi. Ta hiddo surinta ta jona, ta ja shi daga wannan gehen tebur har wancan, kibiyar da ke kan ekaran ko rabin hanya ba ta kai ba, sai ta ɗaga shi ta maido ta sake ja, har sau huɗu kahin ta isa ga ɗan jan akwatin nan da ake ruhe fichier da shi. Na karɓa na latsa wani ɗan maɓalli da ke bayan taya sau biyu, na ce gwada. Sai ga kibiya tana gudu kamar kabu-kabu ya samu hanya babu kowa. Ashe ƙanenta ne ya yi wasa da shi da dare. Da ta hwaɗa hannun mai gaggawa da an goge mata komi, wataƙila har da memwar ɗin.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, ba surin gara nike nuhi ba, souris ne na Faransanci, wato kusu, 'yan'uwanmu na Katsina da Kano su ce mawus, a rediyo kuma ka ji an ce linzamin kwamfuta. Mu nan Maradi suri muke cewa kuma haka zan ci gaba da kiran shi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, wannan "suri na nauyi" da ake cewa ba ciwo ɗaya ba ne. Wani kibiyar na tahiya sumul amma a hankali, ka ja hannu da yawa ita ta matsa kaɗan. Wani kuma tana tsalle-tsalle, ta tsaya cak ta zabura, ko ta riƙa rawa ita kaɗai. Sannan akwai wanda ka motsa hannu yanzu sai bayan ɗan lokaci ta biyo ka kamar yaron da anka tada daga barci anka aike shi. Kowane da maganin shi, shi ya sa kahin ka taɓa komi ka yi minti ɗaya kana jan surin kana kallon ekaran har ka gane wanne ne naka.

In tana tahiya sumul a hankali, ka yi hamdala, ba abin da ya lalace, saiti ne kawai. Hwara da maɓallin nan da na ce, yawanci yana sama bayan taya, wani an rubuta DPI a kai wani babu rubutu, wasu kuma a ƙarƙashin surin yake. Duk latsawa ɗaya yana canza saurin, a irin waɗanda ke kasuwa ana yawan samun 800, 1200, 1600, in ya kai ƙarshe ya dawo na hwarko. Ma'anar lambar ba wuya, in suri na kan 800, in ka ja shi inci ɗaya, wato santimita 2,54, kibiya za ta ci ɗigo 800 na ekaran. To ekaran ɗin ƙananan kwamfutocin nan da sunka cika gari faɗin shi ɗigo 1366 ne, ka ga wajen santimita huɗu da ɗan wani abu sun ishe ka ƙetare shi. In ka koma mai 1920 kana buƙatar wajen shidda, in kuma ka jona da babbar tele irin 4K mai ɗigo 3840 sai ka ja wajen santimita 12. Surin bai canza ba, hilin ne ya ƙaru. Mutane da yawa sun zo mini da kukan wai tun da sunka sayi babban ekaran suri ya lalace, alhali gona ce anka ƙara wa mai hauya ɗaya.

In naka ba shi da wannan maɓalli, ko ka latsa bai wadatar ba, sai a shiga cikin Windows. Hanyar da na hi so, don tana aiki ko Windows 7 ne ko 10 ko 11, ko da Faransanci yake ko da Ingilishi irin waɗanda ake kawowa ta Dan Issa, ita ce ka danne maɓallin Windows mai hoton taga tare da R, wani ɗan akwati zai buɗe daga ƙasa, ka rubuta main.cpl ka buga Entrée. Amma kula, in ka ga kana buga main yana hitowa ,qin ko ;qin, ba aljannu ba ne, kilabiyenka ne ya juya tsakanin AZERTY da QWERTY, danna Windows da Espace ko Alt da Maj, wato Shift, ya dawo daidai. Kuma a AZERTY ɗigon nan na tsakiya sai ka haɗa da Maj, nan ma ana yawan maƙalewa.

Taga za ta buɗe mai shahuka a jere daga sama, Boutons, Pointeurs, Options du pointeur, Roulette, Matériel. Na ukku za ka shiga, ko da yaren injin ba Faransanci ba ne ƙirga na ukku. Daga sama akwai layi da ɗan abin ja tsakanin Lente da Rapide, yana da mataki 11, kuma inda Windows ke aje shi tun asali shi ne na 6, tsakiya cip. In ka tarar da shi can hagu to ka kama ɓarawon, maido shi tsakiya, gwada, in bai yi maka ba ƙara mataki ɗaya ko biyu. Kar ka kai shi ƙurya gaba ɗaya, don in ya wuce tsakiya da yawa Windows na sa kibiya tsallake ɗigo ne don ta yi sauri, sai ka zo kama ƙaramin abu a Word ko Excel ka ga tana wuce shi, ka dawo ta sake wucewa. Gara a ɗaga DPI a bar Windows kusa da tsakiya in surin na da wannan damar. Sannan ka danna Appliquer da OK, wallahi na sha ganin wanda ya gyara komi daidai ya ruhe tagar da jan akwati, ya dawo yana cewa bai yi ba.

Ƙarƙashin layin akwai ɗan gida da anka rubuta Améliorer la précision du pointeur. Sunan na ruɗi. Abin da yake yi, in ka ja hannu a hankali kibiya ta rage sauri, in ka fizga ta yi nisa. Ga mai sezi, wato buga rubutu a kwamfuta, da aikin ofis da ƙaramin tebur yana da amfani, ni a shago a kunne nike barin shi. Yaran da ke buga wasanni da masu zane su kan cire shi don hannunsu ya saba da awo ɗaya. In kai mai jan suri a natse ne kuma kana jin kamar kibiya na noƙewa, cire alamar ka gwada, in bai yi maka daɗi ba ka maida, ba abin da zai ɓaci. A wannan shahin dai daga ƙasa akwai wani gida mai kalmar traces, in an yi mishi alama kibiya na jan wutsiya a bayanta, sai ido ya ga kamar tana makara. Cire shi.

Masu Windows 11 suna iya bi ta Paramètres, Bluetooth et appareils, Souris, nan layin daga 1 zuwa 20 yake kuma 10 ne tsakiya, abu ɗaya ne dai da wancan an canza mishi riga. In ba suri kake amfani da shi ba, ɗan faifan nan ne na gaban kilabiye da ake shafawa da yatsa, saitin shi daban yake, ana ce mishi Pavé tactile, can kusa za ka gan shi. Mai Mac kuma ya shiga Réglages Système ya nemi Souris, ya ja layin saurin, shi kenan. Wanda kuma kukan shi taya ce, yana murzawa takarda ba ta sauka, Roulette zai shiga, an saba aje ta a layi 3, ya maida 5 ko 6.

Yanzu mai tsalle-tsalle, wanda a garin nan shi ya hi yawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa share tebur da sahe lokacin hunturu ya dawo da azahar ya rubuta sunan shi a kai da yatsa. Juya surin ka ga cikin shi. Jar wutar nan da ke haskawa tana haska tebur ne, kusa da ita akwai 'yar ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoton abin da ke ƙarƙashinta sama da sau dubu a daƙiƙa guda, tana gwada wannan hoto da wanda ya gabace shi ta gane ina anka matsa. To in ƙura ta zauna a ramin, ko silin gashi ɗaya ko zaren darduma ya gitta, ido ya samu hakiya kenan. Cire shi daga kwamfuta, hura ramin da ƙarhi, ka sa audugar goge kunne busassa ka share a hankali. Ban da allura, ban da tsinken sakace, ban da esansi ko kananzir, na ga wanda ya wanke nashi da esansi roba ta yi hwari ta dushe, daga nan bai ƙara gani ba. Sannan duba 'yan santsin nan da ke kusurwowin ƙasa da yake zamewa a kansu, datti da maiƙon hannu kan taru su yi baƙin danƙo, sai surin da kan shi ya yi nauyi a hannu, kankare da farce ka goge da tsumma.

Mu da munka hwara da masu ƙwallo a siber ɗin da, mun san wannan aiki, a murɗe zoben ƙasa a hiddo ƙwallon roba a kankare ƙazantar da ta naɗe sandunan ciki. Na yanzu sun hutar da mu wannan, amma sun zo da nasu tsirhwa, wato abin da ake ɗora su a kai.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da ya sa anka kira ni ofis ɗin shi, ya ce malam suri ukku na saya cikin wata guda duk na banza ne, 'yan kasuwar yanzu ba su da tsoron Allah. Na shiga na tarar da tebur mai gilashi a sama, an jera katunan biki da kalanda a ƙarƙashin gilashin, sai walƙiya yake. Na ce ranka ya daɗe a ba ni takarda ɗaya. Na shimfiɗa takardar fotokopi na ɗora surin, sai ga shi lahiya lau, munka gwada sauran biyun su ma garau. Gilashi ba shi da wani zane da kyamarar za ta kama, haske ratsawa yake ko ya dawo mata a ido, haka ma tayil mai sheƙi da ledar nan mai santsi da ake ruhe tebur da ita da bangon littahi mai ƙyalli. Abin da yake so shi ne wuri marar sheƙi, 'yar tabarmar suri in kana da ita, in babu kwali ko takarda ko yadi mai kauri da anka shimfiɗa ba tare da ya tattare ba. A kan cinya ko katihwa ko buhu kuwa, kar ka zargi kowa.

In ido tsab yake kuma wurin na da kyau amma har yanzu yana yankewa, mai waya ne ko marar waya? Mai waya, riƙe wayar daidai inda ta shiga jikin surin ka lanƙwasa ta a hankali kana kallon jar wutar, ka yi haka kuma wajen kan USB ɗin. In wutar na ɗaukewa tana dawowa to waya ta karye daga ciki, yawanci saboda naɗe ta da ake yi tamau a jikin surin a cusa jaka. Mai gyaran rediyo na iya yanke wurin ya sake lanƙaya, amma sau da yawa kuɗin gyaran da na sabo ba su da nisa. Canza rami kuma, in babbar kwamfuta ce ta tebur ka kai shi ramukan baya, sun hi na gaba aminci, kuma ka cire shi daga ɗan abin nan mai baki huɗu da ake jona kile, wato filashi, da waya da komi a kai.

Marar waya kuwa, pil, pil, pil. Kahin komi canza pil, wato batir. Yawanci AA ne ko AAA mai volt 1,5, kuma in ya hwara rauni ba mutuwa surin ke yi nan take ba, sai ya riƙa yankewa yana makara, mutum ya yi ta zagin kwamfuta. Kar ka ciro na telekomand ko na tocila da ya sha aiki ka ce ka gwada sabo. In da hali sayi wanda anka rubuta alcaline, masu arhar nan na tebur ba su daɗewa kuma suna iya zubar da hwarin gari a ciki su cinye ƙarhen, in ka ga haka kankare ƙarhen har ya yi haske. Bayan pil sai ɗan ƙaramin kan nan da ake soka wa kwamfuta, shi ke karɓar saƙon surin ta iska a kan 2,4 GHz. In yana can bayan akwatin ƙarhe a ƙarƙashin tebur, saƙon na wahala kahin ya isa. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba, ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe a ciki, yana hidda hayaniya a daidai wannan zangon, musamman in an jona diski ko kile a kusa, kamfanin Intel da kan shi ya hidda bayani a kai tun 2012. Maganin, maida ɗan kan zuwa rami mai baƙin harshe ko ɗaya gehen kwamfutar, ko ka sa 'yar wayar ƙari ka kawo shi saman tebur. A ofis mai suri da yawa iri ɗaya kuma a kula kar a musanya kawunan, kowane da nashi. Na Bluetooth, cire shi daga jerin na'urori ka sake haɗa su.

Saura na ukkun, mai biyo hannu a makare. Nan yawanci surin ba ruwan shi, kwamfutar ce numfashinta ya ɗauke. Gwaji mai sauƙi, shafa Pavé tactile ka gani, in shi ma haka yake to ka bar suri ya huta. Ko ka ara na maƙwabci ka jona, ka kai naka wurin shi. Wannan musayar ta minti biyu ta hi duk wani dogon bincike.

In ta tabbata kwamfuta ce, danna Ctrl da Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe, duba Processeur da Mémoire da Disque, wanda ka gani ya kai 90 ko 100 cikin ɗari shi ne matsalar, latsa kan sunan shi zai jera maka mai cin abin da yawa a sama. Sau tari Chrome ne an buɗe shahi ashirin, ga Facebook ga YouTube ga WhatsApp, a inji mai RAM 4 Go. Wani lokacin Windows ne ke saukar da gyare-gyaren shi a ɓoye da zarar ka jona wifi, wannan haƙuri za ka yi ya gama. Wani kuma antibirus biyu ne anka zuba suna kokawa da juna, cire ɗaya. In kuma kile ɗinka ya zaga shagunan buga takardu na gari har fichier sun koma raccourci, to sai an yi wankin birus.

Zahi ma na cikin lissahi. Watan Afrilu da Mayu da rana ke wuce digiri 40, ka ɗora kwamfuta kan katihwa ko darduma ka toshe ramukan iskarta, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta cika fankar ciki, in ta ji za ta ƙone sai ta rage wa kanta gudu, komi ya yi sanyi har kibiya. Ɗaga bayanta da littahi biyu iska ya shiga, in fanka na kuka kamar injin niƙa kai a buɗe a hure. Haka in kuran ya ɗauke ta koma kan batir, wasu na shiga tsarin tattalin wuta su rage ƙarhi, wasu ma in cajar ba tasu ba ce ko ta yi musu kaɗan haka za su yi ta ja da ƙyar ko da wuta.

Sannan kashewa da kunnawa, amma ka zaɓi Redémarrer, ba Arrêter ba. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake ce wa démarrage rapide, in ka ce Arrêter ba ya zubar da komi, yana aje wani sashe ya ɗauko in ka kunna, har da matsalar wani lokacin. Redémarrer ne ke tashi daga tushe. In duk wannan bai yi ba, Windows da R, rubuta devmgmt.msc, buɗe Souris et autres périphériques de pointage, danna dama a kan surinka ka ce Désinstaller, ka sake tada injin, da kan shi zai maido direban. Tunda kana nan leƙa Cartes graphiques, in ka ga Carte vidéo de base Microsoft to wanda ya yi maka format bai sa direban hoto ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa kibiya da komi su riƙa jan ƙahwa. Masu jona kwamfuta da tele ta HDMI, irin masu gidan kallon ƙwallo da masu koyarwa, su duba ko telen na kan 30 Hz su maida 60 in ta yarda, su nemi Mode Jeu cikin saitin hoton telen, yana rage makarar sosai.

In ka bi duk wannan, ka kai shi wata kwamfutar a kan takarda da sabon pil ya ci gaba da halin shi, to ya gama aiki, je ka sayi wani. Ka tahi da kwamfutarka ko ka sa mai shagon ya jona a tashi, ka ja kibiya kusurwa huɗu, ka zana da'ira a hankali ka ga ko tana rawa, ka murza taya sama da ƙasa, ka latsa hagu da dama kamar sau goma-goma, sannan ka biya. Ni a shago masu waya nike sa wa injinan sezi don ba ni da lokacin neman pil ana tsakiyar aiki, kuma akwai wani tsoho baƙi da rubutun jikin shi ya goge da ke cikin durowa, shi nike hiddowa in gwada duk injin da anka kawo.